Yadda Ake Rufe Tafkin Iyo Na Bayan Gida Kafin Sanyi Ya Kankama

Wanda ya sayi gida mai tafkin iyo a jihohin arewacin Amurka, ko a lardin Ontariyo na Kanada, zai tarar da wani aiki yana jiransa tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba, aikin da bai san irinsa ba idan a Kano ko Damagaram ya tashi. Hunturunmu na gida yana busar da leɓe, yana kawo faso, amma ba ya daskarar da ruwa a cikin bututu. A can kuwa sanyi yana ratsa ƙasa da zurfi, har dokar gini ta jihar Minesota ta tanadi cewa harsashin gida ya kai zurfin inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta, domin ya wuce iyakar inda ƙasa ke daskarewa. Bututan tafki da yawa ba su kai wannan zurfin ba, kuma injinan da ke tura ruwan a fili suke zaune, babu abin da ya raba su da iska.

Abin da ya kamata sabon mai tafki ya riƙe tun farko shi ne, ruwa idan ya daskare yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya taɓa cika kwalbar gilashi da zoɓo fal ya manta da ita a firiza ya ga abin da wannan kumburi ke yi. Ruwan da ke cikin tafkin kansa yana da sarari a samansa, don haka ƙanƙarar da za ta kwanta a kansa ba ita ce babbar damuwa ba. Ɓarnar tana fitowa ne daga ruwan da ya maƙale a wuri matsattse, a gwiwar bututu, ko a cikin famfo, ko a gindin matata, wato na'urar tace ruwa, ko a cikin hita mai ɗumama ruwan, inda ba shi da hanyar fita sai ya fasa abin da ke riƙe da shi. Saboda haka rabin aikin rufe tafki, in ma bai fi rabi ba, shi ne korar ruwa daga irin waɗannan wurare, ragowar kuwa shi ne barin ruwan tafkin cikin tsabta yadda ba za ka buɗe shi da bazara ka tarar da shi kore shar ba.

Kada ka yi gaggawar rufewa. A Amurka mutane da yawa suna ɗaukar hutun ranar ma'aikata, wato Litinin ta farko a watan Satumba, a matsayin ƙarshen lokacin iyo, sai su lulluɓe tafki a makon nan. Wannan kuskure ne, domin ruwan yana da sauran ɗumi, kuma gansakuka tana son ruwa mai ɗumi wanda ba ya motsi. Ka saka ma'aunin zafi a cikin ruwan, ka jira har ya sauka ƙasa da digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, wato 65 a na Farenhait, ya kuma zauna a nan kwanaki a jere. Idan ka iya haƙuri ya kai 15, ya fi. Kafin lokacin, ko da babu mai shiga ruwan, ka ci gaba da kunna famfo kana zuba kulorin kamar yadda ka saba. Amma kuma kada jiran ya yi yawa har daren farko na daskarewa ya riske ka da bututai cike da ruwa, don haka ka riƙa bibiyar hasashen yanayi na garinku da zarar ganyen bishiyoyi ya fara sauya launi.

Kimanin mako guda kafin ranar da ka tsayar, sai ka fara da ruwan. Ka kwashe ganye da raga, ka goge bango da matakala da burushi, ka tsotse dattin da ya kwanta a ƙasa, domin ganyen da aka bari ya kwana wata shida a gindin tafki yana barin tabo mai wuyar fita. Daga nan ka gwada ruwan da kayan gwaji masu ɗigo, waɗanda sun fi 'yan takardun tsomawa nuna gaskiya, ko ka ɗebi kaɗan a kwalba ka kai shagon kayan tafki su gwada maka. Ana son pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, alkaliniti tsakanin 80 da 120 cikin miliyan, kalsiyam kuma tsakanin 200 da 400 idan tafkin na siminti ne. Ka fara daidaita alkaliniti kafin pH, domin shi ke riƙe pH ɗin kada ya riƙa hawa da sauka. Ruwan da tsaminsa ya yi yawa yana cin filasta da ƙarfe a hankali tsawon watannin sanyi, wanda kuma ya karkata ɗaya ɓangaren yana tara farin ɓawo a jikin bango. Idan za ka sirka asid, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Bayan ruwa ya daidaita sai a ba shi kulorin mai yawa a lokaci ɗaya domin a kashe duk abin da ke da rai a cikinsa. Kafin ka auna, dole ka san yawan ruwan tafkinka. Tafki mai faɗin ƙafa 16 da tsawon ƙafa 32, wanda matsakaicin zurfinsa ƙafa 5 ne, yana ɗaukar kusan galan 19,200, kuma ana samun wannan adadi ne ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfi, sannan a ninka da 7.5. Ka bi ƙa'idar da ke jikin mazubin, ka zuba da yamma bayan rana ta yi sanyi, ka bar famfo ya kwana yana aiki. Maganin gansakuka ba a zuba shi rana ɗaya da wannan kulorin, domin kulorin mai ƙarfi yana lalata shi, kuɗinka ya tafi a banza. Ka jira kwana biyu ko uku har kulorin ya sauko tsakanin 1 da 3 cikin miliyan, sannan ka zuba maganin, ka bar shi ya zagaya na wasu awoyi. A ganina wanda babu jan ƙarfe a cikinsa ya fi dacewa da sabon shiga, saboda mai jan ƙarfe yana iya barin tabo idan aka wuce kima. Kada kuma ka jefa ƙwayoyin kulorin su nutse ƙasa da nufin su yi aiki duk tsawon sanyi, musamman idan jikin tafkin shimfiɗar leda ce, domin inda ƙwayar ta kwanta zai koɗe, ledar ta yi rauni.

Ranar rufewa, kafin ka taɓa komai, ka ɗauki wayarka ka ɗauki hoton injinan daga kowace kusurwa, da yadda kowane bawul yake fuskanta, da inda kowane matoshi yake. Wata shida ko bakwai ba kwana kaɗan ba ne, kuma abin da kake gani a sarari yau zai rikice maka a watan Mayu. Sannan ka cire tsani da maƙallan hannu, da kwandon sikima, wato akwatin nan da ke jikin bango yana zuƙe sharar da ke yawo a saman ruwa, da 'yan ƙwallayen da ke bakin kafofin da ruwa ke dawowa ta cikinsu, da injin shara idan akwai. Ka wanke su, su bushe, ka adana. Idan matatarka ta yashi ce, ka yi mata wankin baya yanzu, wato ka juya ruwa ya bi ta cikinta ta baya ya fitar da dattin da ta tara, tun famfo yana aiki.

Sai rage ruwa. Idan murfin da za ka sa na tamfol ne wanda ruwa ba ya ratsawa, ana sauke ruwan kimanin inci 4 zuwa 6 ƙasa da bakin sikima. Idan murfin raga ne, wanda ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara za su riƙa bi ta cikinsa suna ƙara cika tafkin, ana sauke shi inci 12 zuwa 18, gwargwadon abin da kamfanin murfin ya rubuta. Manufar ita ce kada ƙanƙara ta sami tayil ɗin da ke zagaye da bakin tafki ta ɓamɓare shi, kada kuma ta shiga sikima. A tafkin da muka yi misali da shi, kowane inci ɗaya ya kai galan 320 ko kusa da haka, don haka ka yi tunanin inda ruwan zai tafi. Birane da yawa sun hana zuba ruwa mai kulorin a magudanar ruwan sama, domin kai tsaye take kaiwa rafi; birnin Toronto, alal misali, bai yarda a zuba ruwan tafki mai gishiri a cikinta ba sam. Ka tambayi hukumar garinku, kuma kada ka sake shi ya malala farfajiyar maƙwabci.

Duk yadda za a yi, kada ka kwashe ruwan gaba ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauka cewa tafkin da babu ruwa ba shi da abin da zai daskare, amma nauyin ruwan nan shi ke danne tafkin a mazauninsa. Ƙasar da ke kewaye da shi tana ɗauke da nata ruwan, wanda ke turowa daga ƙasa da gefe, kuma idan tafki ya zama fanko, wannan turi yana iya ɗaga na siminti ya tsage, ko ya lanƙwasa bangon na faiba. Shimfiɗar leda kuwa idan ta bushe a cikin sanyi sai ta tsuke ta yi tauri, ranar da aka sake cika ta sai ta yage.

Yanzu aka zo ga aikin da ya fi kowanne nauyi, wato hure bututai da iska. Ka kashe wutar famfo da hita daga babban akwatin wuta na gida, ba daga makunnin da ke kusa da injin kawai ba, domin agogon da ke tayar da famfo da kansa yana iya tayar da shi alhali babu ruwa a cikinsa, ya ƙone. Idan hitar ta gas ce, ka rufe gas ɗin. Abin da bututu ke buƙata shi ne iska mai yawa wadda ba ta da matsi sosai, shi ya sa masu sana'ar suke amfani da injin hura iska na musamman. Babban injin tsotsar shara na gareji, idan aka juya tiyonsa ya koma hurawa, yana iya isa ga sikima da kafofin da ke kusa, amma sau da yawa ƙarfinsa ba ya kaiwa magudanar da ke can gindin tafki. Idan kwamfureso za ka yi aiki da shi, ka rage matsinsa sosai, kada allurar ma'aunin da ke kan matata ta wuce inda take tsayawa a ranakun aiki, kada ka hura alhali duk hanyoyi a rufe suke, kuma kada ka sunkuya a kan murfin matata ko na famfo, domin iskar da aka matse tana iya cilla murfi da ƙarfin da zai raunata mutum.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a wurin injin, ɗaya a bakin tafki. Ana haɗa iskar ta ramin sikima ko ta wurin famfo, a juya bawul ɗin matata ta yadda iska za ta wuce ba tare da ta bi ta cikin yashi ba, sannan a bi bututan ɗaya bayan ɗaya ana rufe sauran. Kafar da ta fi kusa da injin ita za ta fara amsawa. Da farko za ka ji ruwa yana gurnani a cikin bango, sai ya feso da ƙarfi, daga baya kumfa ta riƙa tasowa ba yankewa kamar ruwan yana tafasa. Ka bar ta haka kamar minti ɗaya, sannan wanda ke bakin tafki ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu ya cusa matoshin roba tun iskar tana fita, ya murɗa ɗan kunnen ƙarfen da ke kansa har robar ta kumbura ta kama bakin kafar. Idan ya gama ya zuba ido: ko ƙwayar kumfa ɗaya ce ke silalowa ta gefen matoshin, bai kama ba, kuma inda iska ta fita nan ruwa zai koma. Haka za a bi sauran kafofin har ta ƙarshe. Magudanar gindin tafki ba a iya toshe ta, tunda tana can ƙarƙashin ruwa, don haka ana hura ta har kumfa ta taso daga ƙasa da ƙarfi, sai a rufe bawul ɗinta da sauri tun injin yana aiki. Iskar da aka kulle a ciki ita za ta hana ruwa hawowa zuwa sashen bututun da sanyi ke kaiwa.

Sikima tana buƙatar kulawa ta daban, domin ko an toshe bututunta, ruwan sama zai taru a cikin akwatin ya daskare. Akwai wata doguwar roba mai rami a ciki, wadda aka fi sani da sunan Gizzmo, da ake murɗawa a ramin sikima. Tana toshe bututun, kuma idan ƙanƙara ta kumbura ita take matsewa maimakon jikin akwatin. Idan kana shakkar ko wani bututu ya bushe sarai, ka ɗura masa ruwan hana daskarewa na tafki kafin ka toshe, kimanin galan ɗaya ga kowace ƙafa 10 ta bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi. Ka karanta jikin jarkar da kyau: na tafki da sinadarin furofilin gilaikol ake yin sa, na mota kuwa yawanci da etilin gilaikol, wanda guba ne ga mutum da dabba, kuma ba shi da wurin zama a ruwan da yara za su shiga.

Wanda ya karanta wannan sashe ya ji bai natsu ba, shawarata ita ce ya kira masu sana'ar a shekarar farko, ya tsaya a kansu yana kallo yana tambaya, ya rubuta yawan matosan da suka sa da girman kowanne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ladan aikinsu bai kama ƙafar kuɗin fasa daɓen siminti a tono bututun da ya tsage ba. Sai dai a kira su da wuri, domin a watan Oktoba kowa nemansu yake yi.

Da an gama da bututai sai a zubar da ruwan injina. Famfo yakan kasance da matosai biyu a gindinsa, matata tana da ɗaya, hita tana da nata a wurin da bututai ke shiga, kuma ita ce ta fi tsada idan ta fashe, don haka ka duba littafinta ka tabbatar babu wanda ka tsallake. Duk matosan da ka kwance, tare da zobban robarsu, ka zuba su a kwandon famfo ka mayar da murfin sako-sako, nan ne wurin da ba za su ɓata ba. Bawul ɗin matatar yashi a bar shi a matsayin da aka tanada don sanyi, in babu kuma a tsayar da hannunsa tsakanin matsayi biyu. Matata mai katirij, wato abin tacewa da ake zurawa a cikinta maimakon yashi, a zare katirij ɗin a wanke, ya bushe a cikin gida. Idan tafkin mai gishiri ne, a kwance na'urar da ke samar da kulorin a shigar da ita ciki, haka ma ma'aunin matsi. Kada a naɗe injin da leda ruf, domin raɓa za ta taru a ciki ta jawo tsatsa. Ragowar sinadarai a ajiye su a busasshen wuri mai iska, asid nesa da kulorin, kuma kada a haɗa kulorin iri biyu a mazubi ɗaya, domin haɗuwarsu tana iya tayar da wuta ko hayaƙi mai kisa.

Mai tafkin da aka kafa a saman ƙasa aikinsa ya fi sauƙi. Zai kwance tiyo-tiyon, ya toshe kafar dawowar ruwa, ya rufe bakin sikima da faranti, ya shigar da famfo cikin gida, sannan ya ɗaura matashin iska a tsakiyar ruwan, wanda ba a hura shi ya cika tam, domin ya sami damar matsewa idan ƙanƙara ta taso masa.

Murfi shi ne na ƙarshe, kuma a nan maganar ta wuce ta tsabtar ruwa. Tamfol mai araha ana danne gefensa da dogayen jakunkunan ruwa, waɗanda ake cikawa rabi ko fiye kaɗan saboda su ma za su daskare. Ba a danne shi da bulo, domin iska tana iya jan bulon ya faɗa ciki ya huda leda ko ya fasa filasta. Amma ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani cewa irin wannan tamfol ba ya ɗaukar nauyin yaro. Wanda ya taka shi zai nutse, tamfol ɗin ya naɗe shi, kuma ruwan saman da ya taru a kansa ma ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Murfin kariya na gaskiya shi ne wanda ake ɗaurewa da sifirin a jikin ƙusoshin tagulla da aka dasa a daɓe, wanda ya cika ƙa'idar ASTM F1346, ƙa'idar da ta buƙaci ya ɗauki nauyin laba 485, kimanin kilo 220. Yana da tsada, amma gidan da ke da yara, ko maƙwabta masu yara, ban ga dalilin da zai sa a zaɓi wani ba. Ko da shi, ƙofar shingen tafki ta zauna a kulle duk tsawon sanyi.

Waɗanda ke jihohin kudu na Amurka, inda ba a cika rufe tafki ba, sukan dogara da na'urar da ke tayar da famfo da kanta idan sanyi ya kusa kaiwa ga daskarewa, tunda ruwa mai gudu ba ya saurin daskarewa. Dabarar tana aiki muddin akwai wuta. A watan Fabrairun 2021, lokacin da matsanancin sanyi ya afka wa jihar Teksas, wutar lantarki ta yanke wa miliyoyin gidaje na kwanaki, famfuna suka tsaya da ruwa a cikinsu, injinan tafki masu yawa suka farfashe. Wanda ke zaune a irin wannan yanki ya san inda matosan injinansa suke tun kafin buƙata ta taso, domin idan wuta ta ɗauke a daren sanyi ya kashe makunni, ya kwance su, ruwan ya tsiyaye.

Bayan rufewa, ka riƙa leƙa tafkin lokaci-lokaci. Ka zuƙe ruwan da ya taru a kan tamfol da ƙaramin famfo, ka janye ganye da tsintsiya mai laushi, kada ka sa shebur na ƙarfe a kan murfi, kuma kada ka yi ƙoƙarin fasa ƙanƙarar da ta kwanta, domin kaifinta yana yanka leda. Idan murfin raga ne, ka duba tsayin ruwa duk lokacin da ƙanƙara ta narke: in ya hau ya kusa tayil ka rage, in kuma ka ga yana sauka da kansa, akwai inda yake yoyo, kuma murfin zai rasa ruwan da ke tallafa masa wajen ɗaukar nauyin dusar ƙanƙara, don haka sai ka ƙara ruwa ka nemi mai gyara. Da bazara kuma ka buɗe da wuri, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin ɗumin ruwan ya haura digiri 15, domin a lokacin kulorin da ka zuba da kaka ya riga ya ƙare, kuma gansakuka za ta fara yaɗuwa a ƙarƙashin murfin da zarar ruwan ya yi ɗumi.